Sabbin Ƙafafun Motar Yaya

Ina kwance a ƙarƙashin wata motar ɗaukar kaya ina fama da salansa, wato bututun hayaƙinta, lokacin da Yaya ya kira. Na ɗora wayar a ƙirjina na buɗe murya.

"Auta, kwalin nan yana nan?"

"Wane kwali?"

"Kwali nawa na ba ka ajiya?"

Yana nan. Ya fi shekara a saman kabad ɗin kayan aiki a garejina, har gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsa da bango. A cikinsa akwai sabbin ƙafafu huɗu na motar Yaya, irin waɗanda muke kira kwailoba. Kowacce shokazoba ce mai shanye girgizar hanya, da sifirin naɗe a jikinta, tana da zobba masu zare da ake murzawa a ɗaga mota ko a sauke ta, da ɗan maɓalli a ka na ƙara mata tauri ko laushi. Yaya ya yi odarsu a watan da ya fara kukan ciwon baya. Kafin su iso likitoci sun gano ciwon daji ne, kuma ya riga ya shiga ƙashi.

"Ranar Asabar za ka ɗaura mini su," ya ce.

"To."

"Ba ka tambaye ni me likita ya ce ba."

"Anti ta gaya mini."

Matarsa ta riga ta kira ni. Likita ya ce sun tsayar da magani, a koma gida, a ci gaba da shan na rage zafi kawai. Da ta gaya mini sai na ji na ce mata, "To, na gode," kamar mai karɓar saƙon kayan gyara. Na ajiye waya na koma kan aikina. Na yi ta sauraron kaina ko wani abu zai taso, kuka ko faɗuwar gaba. Babu abin da ya taso. Da rana na ci abinci har na ƙoshi.

Yaya ya girme ni sosai, tsakaninmu akwai mata uku. Injinan ban ruwa yake sayarwa, kuma shi ya kama mini hayar wannan garejin tun ina saurayi. Mutum ne ƙato, mai wuya kamar turmi, idan ya yi dariya a ofis ana ji daga bakin titi. Sai ga shi ya je ya sayo wata 'yar shuɗiyar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda rufinta bai kai ƙugunsa ba. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta kan ce ba shiga motar yake yi ba, sa ta yake yi kamar takalmi. Idan ya zauna sai ka ga ta karkace gefe guda. Bai taɓa damuwa ba. Duk ƙarshen mako sai ya fita da ita bayan gari ya dawo yana ƙorafin tana kwanciya a kwana.

Ranar Juma'a na je gidansa na ɗauko ta. Batir ya mutu, tayoyi sun yi laushi, ciki yana warin rufi. Na yi mata jan wuta, na lallaɓo ta zuwa gareji.

Da safiyar Asabar Anti ta kawo shi a motar gida. Ya fito a hankali da sanda a hannu, rigarsa tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Na ɗauko kujerar ofis mai katifa na ajiye masa a inuwa, inda zai ga komai. Anti ta sa masa filo a baya, ta ajiye gorar ruwa da jakar magunguna a kusa da ƙafarsa.

"Injiniya," ta ce da ni, don haka take tsokanata tun tana amarya, "ga amanarka nan. Kada ka bari ya taɓa sifana."

"Ko ya taɓa ba zai iya ɗaga ta ba," in ji Yaya.

Ba ta yi dariya ba. Ta shige ofis ta zauna.

Na ɗaga motar na cire tayoyi. Ina cikin kwance tsofaffin ƙafafun gaba sai ga maƙwabcina mai walda ya leƙo. Dattijo ne, sunan da kowa ya san shi da shi Sarkin Tsatsa, domin babu notin da ya taɓa gagararsa. Sun saba da Yaya, Tirela yake kiransa. Ya gaida mutumin da ke kan kujera gaisuwar baƙo, ya juyo wajena yana shafa jikin motar.

"A'a, yau amarya ce a sama? Ina Tirela, bai zo ba?"

Na juya wajen kujerar.

"Ga ni nan, Sarki," Yaya ya ce. "An sauke kayan ne, kan motar kaɗai ya rage."

Sarkin Tsatsa ya tsaya da hannunsa a kan motar. Ya dubi Yaya, ya dubi ƙasa, ya cire tabaran waldan da ke goshinsa ya mayar. Daga nan ya je ya durƙusa ya kama hannun Yaya da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya sake faɗa. Bai koma shagonsa ba ranar. Ya ɗauki fitila ya riƙe mini.

Na gaba sun fita ba gardama. Na baya na dama ne notin ƙasa ya ci tsatsa ya ƙi motsi. Na fesa mai, na sa doguwar sifana na hau da ƙafa, ko gezau. Sarkin Tsatsa ya janyo tukunyar gas ya gasa shi har ya yi ja, ya ba shi guduma biyu a gefe, ya ce in gwada. Ya yi ƙara kamar ƙofar tsohon ɗaki, ya saki.

Na sauko da kwalin na yanka. Ƙafafun suna kwance cikin soso, jikinsu azurfa, sifirin ɗinsu ruwan ɗorawa. Yaya ya ce in miƙo masa ɗaya. Na ɗora masa a cinya, na riƙe gefe guda don kada nauyin ya sauka a kansa. Ya bi zaren da babban yatsa, ya murza maɓallin sama yana saurare. Ƙas, ƙas, ƙas.

"Ka ji wannan?" ya ce. "A gadon asibiti babu bidiyon ɗaura su da ban kalla ba. Ma'aikaciyar jinya har ta ɗauka makanike ne ni. Ka shafa giris a zaren kafin komai."

"Na sani, Yaya."

"Kuma kada ka matse sifirin. Zoben ya taɓa shi kawai, ya hana shi rawa. Daga ƙasa ake neman tsayi."

"Na sani."

"Na san ka sani. Bar ni in faɗa."

Na bar shi. Ya yi ta faɗa, ina yi. Na daidaita tsawon na hagu da na dama da tef a kan benci, na ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure notocin sama, na mayar da wayar birki mazauninta. Hannuna ya san aikin, ni kuwa kamar ina tsaye a gefe ina kallon wani yana yi. Na lura da abubuwan da ba su da amfani: wata tsaga a simintin ƙasa, ƙudan da ke yawo a bakin gorar ruwansa.

Da muka sauke ta muka tura ta gaba da baya don ta zauna, sai na sa yatsu tsakanin taya da bakin bodi. Uku suka shiga.

"Biyu," in ji Yaya daga kujera.

"Hanyoyin nan duk ramuka ne. Za ta riƙa dukan ƙasa."

"Ta daka. Biyu."

Na sake ɗaga ta na murza zobba. Na je famfo wanke hannu, sai na tarar da Anti tsaye a wurin ta naɗe hannu a ƙirji.

"Ka san ba zai iya tuƙa ta ba ko?" ta ce a hankali.

"Na sani."

"To me ya sa ka yarda?"

"Ya ce in ɗaura."

Ta daɗe tana kallon ruwan da ke gangarawa baƙi ƙirin zuwa rariya. "Ni ma cewa ya yi in kawo shi," ta ce. Ta miƙo mini tsumma.

Saura aikin da Yaya ya fi matsa mini a kai. Na aro sikeli daga wani abokin sana'a mai shirya motocin tsere, faranti huɗu masu faɗi da ake sa wa kowace taya ɗaya, da allo mai nuna nauyin da ke kan kowace. Abin da ake nema shi ne nauyin gaba hagu da baya dama ya zo daidai da na gaba dama da baya hagu, don motar ta ɗauki kwanar hagu yadda take ɗaukar ta dama. Kuma ba a yin sa sai direba yana zaune a kujerarsa.

Muka tura ta kan farantan, na duba allo motar tana wayam. Na ce wa Yaya ko in sa buhunan yashi a madadinsa.

"Ina raye za ka sa mini yashi?"

Shigar da shi ta ɗauke mu lokaci. Motar ta yi ƙasa sosai. Ni na riƙe hammatarsa, Sarkin Tsatsa ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, Anti ta kare kansa da tafin hannu kada ya bugi rufi. Ta cikin riga na ji haƙarƙarinsa a yatsuna. Da ya zauna ya rufe ido yana numfashi ta baki, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Can ya buɗe ido ya ɗora hannu biyu a sitiyari.

Na koma wajen allo. Lambobin suka yi rawa suka tsaya. Na ga na ɗazu, ga na yanzu, kaina ya cire wannan daga wancan ba tare da na sa shi ba. Abin da ya rage bai fi nauyin ɗan makarantar sakandare ba.

"Nawa?" ya ce.

"Ya yi."

"Auta."

Na juya masa allon. Ya ƙura masa ido, leɓensa yana motsi. "Ashe motar ta huta," ya ce.

Gaba dama da baya hagu sun fi nauyi. Na sa jak na ɗaga gefe guda a hankali da shi a ciki, na cire taya, na murza zobe rabin juyi, na mayar, muka girgiza ta, na duba. Bai kai ba. Na koma ɗaya kusurwar. Haka muka yi ta yi, rana tana tafiya, inuwar rufin kwano tana matsowa cikin gareji. Anti ta kawo masa ƙwayoyi da ruwa ta taga, ya haɗiye. Da farko yana tambayar kowace lamba. Daga baya na ji shiru.

Na leƙa. Kansa ya jingina da kujera, bakinsa a ɗan buɗe, hannu ɗaya ya zame daga sitiyari ya faɗa cinya. Na tsaya da sifana a hannu ina kallon maɓallin rigarsa na biyu. Ya ɗaga, ya sauka. Na koma na durƙusa na ci gaba da murza zobe. Na ce wa Sarkin Tsatsa mu riƙa girgiza ta a hankali.

Da lambobin suka haɗu na ɗaure zobban kulle, na ja igiya a gefe da gefe na daidaita tayoyin su kalli gaba sosai. Sannan na ƙwanƙwasa gilashi.

"Ta zauna, Yaya."

Ya farka ya dube ni kamar bai gane inda yake ba. Sai ya gyara zama ya ce a ba shi makulli.

Muka gangaro da ita daga kan farantan. Anti ta fito bakin ofis ta tsaya. Yaya ya sa makulli, ya ɗora ƙafar hagu a kan kuloci ya taka. Ya sauka kaɗan ya tsaya. Ƙafar ta fara rawa tun daga gwiwa. Ya saki, ya ja numfashi, ya riƙe sitiyari da ƙarfi ya sake takawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Kulocin bai kai rabi ba. Sarkin Tsatsa ya juya ya shiga tattara sifanu waɗanda ba nasa ba.

Yaya ya zauna yana kallon gilashin gaba.

"Zo ka ja," ya ce.

Muka sake ciro shi muka zagaya da shi ɗaya gefen. Ina ɗaura masa bel ya ce, "Duk wahalar awon nan, ga shi kai ne a kujerata. Ka ɓata lissafin."

"Sai mu sake."

"A'a. Mu je."

Anti ta sunkuyo ta taga. "Injiniya, a hankali."

Na fita da ita titi. Motar ta canza gaba ɗaya. Kowane ɗan tsakuwa ana jin sa a tafin hannu, sitiyari yana amsawa tun kafin ka gama murzawa. Muka wuce layin masu sayar da taya, muka wuce masana'antar robobi. A gaban wata makaranta akwai tudun rage gudu. Na rage sosai na hau shi a karkace, duk da haka da tayar baya ta sauka Yaya ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba, gajere, kamar an taka ɗan kwikwiyo.

Na gangara gefe na tsaya. Na buɗe bonet na murza maɓallan gaba zuwa laushi har ƙarshe, na zagaya na yi wa na baya. Da na dawo yana kallona.

"Me ka yi?"

"Na sassauta."

"Mayar da su."

"Yaya, ƙashinka."

"Ba keken asibiti na saya ba. Mayar."

Na fita na mayar da su tsakiya. Ya san tsakiya na kai su, yana jin ƙarar daga ciki, amma ya ƙyale ni.

Bayan gadar jirgin ƙasa hanya ta buɗe, gidaje suka ƙare. Akwai wata doguwar kwana a can da ta zagaye wani tudu, kwalta lafiyayye, ana hango abin da ke zuwa daga nesa. Ita ce kwanar da yake zuwa dominta duk mako.

"Sauko giya ɗaya," ya ce. "Kada ka taɓa birki. Shiga."

Na shiga. Inji ya ɗaga murya, bel ya kama kafaɗata. Motar ta bi kwanar a shimfiɗe, ba ta karkata ba, ba ta yi lilo ba, kamar an ɗora ta a kan layin dogo.

"Ka ji?" ya ce. "Ba ta kwanta ba."

"Na ji."

"Juya mu sake. Ta ɗaya hannun."

Na juya a bakin wata gona muka dawo. Haka ta yi. Na saci kallonsa, idonsa a rufe, hannunsa a shimfiɗe a jikin ƙofa yana sauraren motar da tafinsa. Na san ya kamata in ji wani abu a lokacin. Abin da na ji kawai shi ne wata 'yar ƙara a baya, ƙwas, duk sanda muka hau gargada.

A hanyar dawowa fuskarsa ta yi toka-toka. Ya ce in tsaya, na buɗe masa ƙofa ya sunkuya ya yi amai, ruwa ne kawai. Na ba shi tsumma mai tsabta ya goge baki. Muka ci gaba a giya ta biyu, masu babur suna wuce mu.

"Akwai ƙara a baya," ya ce.

"Na ji ta."

"Ka duba."

"Zan duba."

Muka kai masana'antar robobi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

Na jira. Ya daɗe yana kallon hanya.

"Bi ta dama, akwai rami."

Na bi ta dama.

Ranar Litinin na ɗaga ta na bi kowane noti, duk a ɗaure. Ashe sifanar taya ce ta kwance a cikin but tana dukan ƙarfe. Na kira shi na gaya masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ji Anti tana cewa ya isa haka, ta karɓi wayar. Bayan wannan duk zuwan da na yi gidan yana barci, ko yana farke amma maganin ya yi masa nauyi.

Bai kai ƙarshen wata ba. Da hantsi Anti ta kira, ina cire iska daga birkin wata tasi, direban yana ciki yana taka mini. Ta faɗa, na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ce ga ni nan. Na ajiye waya. Direban ya leƙo ya ce ya ci gaba? Na ce ya taka ya riƙe. Na ɗaure, na mayar da taya, na sauke motar, sannan na wanke hannu na rufe gareji.

A kwanakin da suka biyo baya ni ne mai jera kujeru da nuna wa baƙi inda za su ajiye mota. Yayyena mata suna kuka har muryarsu ta dushe. Mutane suna kama hannuna suna cewa Auta akwai tawakkali. Ina cewa na gode.

Motar ta zauna a garejina a rufe da tampol. Masu so suka yi ta zuwa tambaya, ina cewa ba tawa ba ce. Daga baya Anti ta ce 'yarsu babba, wadda ke karatu a wani gari, ta roƙi kada a sayar, a mayar da ita gida. Na wanke ta, na kai ta da yamma, na shigar da ita rumfarta, na cire kan batir. Anti ta ce in tsaya ta mayar da ni. Na ce ta bari, zan hau bas.

Bas ɗin tsohuwa ce, cike da masu tashi daga aiki. Na samu wuri a can baya, a kan taya. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi sama ta dawo ta sake yin sama, na ce a raina ƙafafun bayan nan sun mutu tun tuni, ga kuma robar bushin da ke kuka a hagu. Ina ta bin ƙarar ina rarrabe ta, mutane suna sauka, wasu suna hawa. Sai na ji kwandasta yana buga jikin mota.

"Malam, ƙarshen hanya ke nan."

Na duba, ni kaɗai na rage. Na wuce unguwarmu da nisa. Na sauka na tsallaka titi, na tsaya tare da masu jiran wadda za ta koma. Na kira matata na ce mata zan ɗan yi latti, su ci abinci kada su jira ni.